Kundin aikin haɗe zaurukan sola guda uku

Alhamis, 5 ga Yuni, 2025

Masu riƙe da sabar lemm.ee, ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke ɗauke da dandalin tattaunawa na Lemmy, sun sanar cewa za su rufe ta a ƙarshen wannan wata, kuma dalilin da suka bayar shi ne gajiya da rashin isassun mutanen da za su ɗauki nauyin kula da ita. Zaurenmu na tattaunawa kan wutar sola ta gida a can yake zaune tun Yunin 2023, lokacin da dandalin tattaunawa na Reddit ya tsawwala kuɗi a kan manhajojin waje da ake karanta shafinsa da su, jama'a da dama suka yi fushi suka kwararo zuwa Lemmy, wanda ke aiki kamar Reddit amma a rarrabe kan sabobi masu zaman kansu. Abin da ya rage mana bai kai mako huɗu ba, don haka na buɗe wannan kundi in riƙa ajiye abin da aka yi, da abin da aka kashe, da abin da ya gagara.

Batun bai tsaya ga neman sabon matsuguni ba, domin ba mu kaɗai ne muke zancen farantin sola da batir da inbata a Lemmy ba. Akwai zaure na biyu a wata babbar saba, sunansa iri ɗaya da namu sak, wanda aka buɗe a cikin rububin 2023 ɗin nan. Akwai kuma na uku a wata ƙaramar saba, wanda wani malamin makarantar fasaha a Yamai ya buɗe bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a Agustan 2023, jama'a suka karkata ga sola ba shiri. Tsarin Lemmy ne ya ba da damar haka, saboda cikakken sunan kowane zaure ya haɗa da adireshin sabar da yake kanta, kuma babu wata hukuma a sama da za ta ce wa mutum an riga shi ɗaukar suna. Sabobin suna musayar saƙo da juna ta ƙa'idar ActivityPub, wadda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ita a Janairun 2018, amma musayar saƙo ba ta mayar da zaure biyu su zama ɗaya.

Tambayar da mambobi suka fara yi tun jiya ita ce, tun da tashi ya zama dole, me zai hana a haɗe ukun wuri guda? Gobe Sallah, saboda haka na roƙi a dakata da muhawara sai an sauko daga hidimar layya.

Litinin, 9 ga Yuni

Na zauna na ƙirga, domin kada mu yanke hukunci da zato. Babban zauren yana nuna masu bibiya 1,900 da 'yan kai, namu yana da 640, na Yamai kuma 210. Wanda ya tsaya a nan zai ce magana ta ƙare, ƙanana su bi babba. Amma da na koma na duba waɗanda suka rubuta wani abu, tambaya ko amsa, daga farkon Maris zuwa yau, sai lissafin ya juye: mutum 11 a babban zauren, 47 a namu, 38 a na Yamai.

Dalilin bai ɓuya ba. Adadin masu bibiya yana ƙunshe da asusun da aka buɗe a 2023 aka yi watsi da su bayan mako biyu, kuma ba ya raguwa don mutum ya daina leƙowa. Cikin rubuce-rubucen da aka yi a babban zauren a wannan lokaci, mafi yawansu mutum ɗaya ne ke liƙa labaran jaridu ba tare da ko kalma ɗaya tasa ba. Na ga wani bawan Allah ya yi tambaya a Afrilu kan dalilin da batirinsa na ruwa yake tafasa da rana, kuma har yau babu wanda ya tanka masa, alhali a namu zauren irin wannan tambaya ba ta kwana, domin amsarta sananniya ce, galibi na'urar daidaita caji ce aka saita sama da ƙima. Masu kula da babban zauren su biyu ne, kuma na ƙarshen da ya yi motsi a cikinsu tun bara ne.

Wannan tambayar da ta yi wata biyu ba amsa ita ce hujja mafi ƙarfi da na gani ta haɗewa. Baƙo idan ya nemi zauren sola, wanda ya fi yawan mutane zai shiga, ya yi tambayarsa, ya ji shiru, ya tafi da tunanin cewa babu kowa a Lemmy.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na aika wa masu kula da babban zauren saƙo, na kuma aika wa Malam na Yamai. Na sauke kwafin saitunan asusuna, wanda Lemmy ya fara bayar da damarsa tun fitowa ta 0.19, na kuma liƙa bayani a saman zaure domin kowa ya sauke nasa kafin 30 ga wata. Kwafin yana ɗauke da jerin zaurukan da mutum ke bi da waɗanda ya toshe, amma ba ya ɗauke rubuce-rubucensa.

Lahadi, 15 ga Yuni

Mun yi zama ta waya ni da sauran mutum biyu da muke kula da zaurenmu tare, wato Injiniya da ke Kaduna da kuma Hajiya da ke Abuja, wadda ita ce ta fi mu haƙurin karanta ƙorafe-ƙorafe. Abu na farko da na bayyana musu shi ne cewa a Lemmy babu wani maɓalli da ake dannawa zaure biyu su narke su zama ɗaya. Kowane rubutu da kowane tsokaci yana da adireshi na dindindin wanda ya fara da sunan sabar da aka yi shi, kuma masu bibiya ba a kwashe su a kai wani wuri. Ko a Mastodon, wani dandalin sada zumunta mai irin wannan tsari na sabobi, inda mutum kan yi ƙaura da mabiyansa, tsofaffin rubuce-rubucensa a tsohon gida suke zama. Abin da ake kira haɗewa a aikace shi ne a kulle zaure ɗaya yadda masu kula kaɗai ke iya rubutu, a liƙa sanarwa mai nuna inda aka koma, sannan a jira mutane su bi da ƙafarsu.

Injiniya ya so mu buɗe saba tamu, kada a sake tashinmu. Na kawo masa lissafi. Hayar ƙaramar kwamfuta a Turai za ta ci kusan yuro 6 a wata, rajistar adireshi kuma dala 12 zuwa 15 a shekara, ga kuɗin ajiyar hotuna da ke ƙaruwa kullum. Da dala a naira 1,500 da ɗoriya, wannan ba abin da zai gagari mutum uku ba ne. Abin da zai gagare mu shi ne wanda ya gajiyar da mutanen lemm.ee: sabunta manhaja, tace masu rajista, goge ƙazantar da ake turowa da tsakar dare, da amsa ƙorafin wasu sabobin. Na tuna masa da vlemmy.net da ta ɓace dare ɗaya a Yulin 2023, da kbin.social da ta tsaya a 2024, da feddit.de wadda jama'arta suka koma feddit.org a shekarar. Akwai ma sabar FMHY da ta rasa adireshinta a Yulin 2023 lokacin da gwamnatin Mali ta karɓe ikon adiresoshin da ke ƙarewa da .ml daga kamfanin da ke rabar da su kyauta. Saba ba ta cika mutuwa don kuɗi ba, takan mutu ne idan komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya ko biyu.

Hajiya ce ta kawo maganar PieFed, wata manhaja daban da Rimu Atkinson na ƙasar New Zealand ya fara rubutawa, wadda ke hulɗa da Lemmy lafiya lau. Tana da hanyar da mai kula da zaure zai nemi a mayar da kwafin zaurensa da ke kan sabar PieFed ya zama na gida, da rubuce-rubucen da ke ciki. Mun tsayar da cewa a gabatar wa mambobi zaɓi biyu, ko dai komawa babban zauren idan an ba mu ragamarsa, ko kuma wata matsakaiciyar sabar PieFed mai masu kula fiye da biyu.

Talata, 17 ga Yuni

Malam na Yamai ya amsa, kuma amsarsa ta fi wasiƙata tsawo. Ya fara da gaisuwar Sallah da jajen tashin da ya same mu, sannan ya ce, “Malam, na gode da ka tuna da mu, amma ina roƙon ka sake duba zaurenmu da idon wanda yake cikinsa.” Ya jero abubuwan da ya ga sun raba mu. Rabin mutanensa da Faransanci suke rubutu, sauran da Hausa, wasu kuma su cakuɗa da Zabarmanci, alhali mu Turanci ne ya fi yawa a wajenmu, Hausa ta biyo baya. Farashinsu da jakar sefa ake faɗa, kuma kayan da ke kasuwar Yamai da Maraɗi ba lallai su ne ke Sabon Gari ko Alaba ba. Amma abin da ya fi ƙarfafawa shi ne dokar talla. Mu mun hana talla kwata-kwata tun lokacin da wasu suka cika mana zaure da hotunan batiran litiyam da aka sake wa kwali. Su kuwa sun ware ranar Asabar ga masu shago su faɗi abin da suke da shi da farashinsa, bisa sharaɗin su amsa tambayoyi a fili, kuma ya ce wannan rana ita ce ke riƙe da zauren. Ya rufe da cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na koma na karanta zaurensa daga farko, kuma na gamsu da gaskiyarsa. Sunan ne kawai ya yi kama. Idan aka haɗe mu, dole ɗaya ya ajiye dokarsa, kuma duk wanda ya ajiye zai rasa mutanen da dokar ta tara. Akwai tarihin irin wannan a Lemmy: a Yunin 2023 sabar Beehaw ta yanke hulɗa da sabobin lemmy.world da sh.itjust.works saboda masu kula da ita kaɗan ne, ba za su iya tare kwararar baƙi daga sabobin da ke karɓar kowa ba. A lokacin mutane da yawa sun yi ta gunaguni cewa an raba kan jama'a, amma abin da ya sa kowane ɓangare ya ci gaba da hirarsa shi ne kasancewar akwai zauren fasaha da na labarai a wurare fiye da ɗaya.

Na rubuta masa cewa mun janye maganar haɗewa, na nemi abu biyu a madadinta: kowane zaure ya sanya adireshin ɗaya a gefen shafinsa, kuma idan an yi tambayar da ta fi ƙarfin mutanen gida a tura ta ɗaya ɓangaren. Ya amince.

Asabar, 21 ga Yuni

An kammala jin ra'ayin mambobi. Lemmy ba shi da akwatin ƙuri'a irin na PieFed ko Mastodon, don haka tsokaci biyu na rubuta, kowanne da zaɓinsa, aka riƙa danna wa wanda ake so. Hanyar ba ta da tsabta, tun da duk wanda ya wuce zai iya dannawa ko da bai san bambancin faranti da tire ba, shi ya sa muka fi ba da nauyi ga waɗanda suka rubuta dalilinsu. PieFed ce ta rinjaya da tazara mai faɗi.

Masu son babban zauren ba su rasa hujja ba. Sun ce a can ne sababbin mutane ke fara sauka, kuma rubutu a zaure mai masu bibiya daga sabobi da yawa ya fi saurin yaɗuwa, domin saba ba ta karɓar rubutun wani zaure sai idan akwai aƙalla mutum ɗaya nata da ke bin sa. Wannan gaskiya ne. Masu adawa kuma suka ce idan kowane zaure ya tattare a saba ɗaya, to an sake gina Reddit ne da wani suna, kuma ranar da masu wannan saba suka gaji ko suka canza doka babu inda za a dosa. Wani tsohon mamba ya rubuta cewa bai baro Reddit don ya dawo ƙarƙashin mutum biyar ba. Ni dai abin da ya fi nauyi a wajena ƙarami ne: har yau masu kula da babban zauren ba su amsa saƙona ba, kuma ba zan kai mutane gidan da ba a amsa sallama ba.

Alhamis, 26 ga Yuni

An yi ƙaura, amma ba yadda muka so ba. Mai kula da sabar PieFed ya amince da buƙatarmu cikin mutunci, kwafin zauren ya koma na gida, sai dai da muka duba sai muka ga rubuce-rubucen sun fara ne daga tsakiyar 2024. Dalili shi ne sabar ba ta san da zaurenmu ba sai ranar da wani mutum nata ya fara bin sa, kuma abin da aka yi kafin wannan rana bai taɓa isa gare ta ba, in ban da 'yan kaɗan da aka jawo a lokacin. Shekarar farko gaba ɗaya babu ita, kuma a cikinta ne aka yi dogayen bayanan da muka fi tura wa baƙi, kamar yadda ake lissafin girman batir daga yawan kayan wutar gida, da bambancin na'urar caji ta PWM da ta MPPT, da kaurin wayar da ya dace tsakanin faranti da batir.

Matsala ta biyu hotuna ce. Zane-zanen haɗa waya da mambobi suka ɗora cikin tsokaci duk a ma'ajiyar lemm.ee suke, kuma sabon wurin adireshinsu kawai ya sani. Ranar da aka kashe sabar, gurbinsu zai zama fanko. Injiniya ya rubuta ɗan gajeren shiri da ke bin zauren shafi-shafi yana sauke kowane rubutu da tsokaci da hoto, muka bar shi yana aiki da jinkiri tsakanin buƙata da buƙata domin kada mu takura wa sabar da kowa ke kwashe kayansa daga cikinta. Abin da aka sauke ya kai gigabait 2 da rabi. Wuta ta ɗauke a tsakiya, shirin ya tsaya, amma ya ajiye inda ya kai, don haka daga nan aka ci gaba. Na sayi data ta naira 9,000 saboda wannan aiki.

Sake ɗora tsofaffin rubuce-rubucen kuma wani batu ne. Idan muka ɗora su, da sunan asusu ɗaya za su fito, kamar mutum ɗaya ne ya rubuta komai, kuma wasu daga cikin masu su sun riga sun goge asusunsu, wanda ina ganin alama ce ta ba sa son a ci gaba da yawo da maganarsu. Hajiya ta ba da shawarar a zaɓi bayanai 30 mafi amfani, a nemi izinin masu su, wanda aka samu a ɗora da sunansa a sama, wanda ba a samu ba kuma a sake rubuta bayanin daga tushe.

Talata, 1 ga Yuli

lemm.ee ta rufe kamar yadda aka sanar. Kafin lokacin mun kulle tsohon zauren, mun liƙa sanarwar sabon adireshi da Hausa da Turanci.

Abin da ya bayyana yau shi ne rufewar ta haifar mana da wasu tagwayen. Kowace saba da ke da mai bin tsohon zauren tana riƙe da kwafinsa, kuma kwafin bai san uwarsa ta mutu ba, yana nan da sunansa da tambarinsa da adadin masu bibiya, kamar rumfar da mai ita ya tashi ya bar allon sunansa a rataye. A yadda tsarin yake, duk abin da aka rubuta a zaure sai ya je sabar gida, ita kuma ta rarraba wa sauran. Yanzu da babu sabar gida, wanda ya yi tsokaci a kwafin, mutanen sabarsa kaɗai za su gani. Kullewar ta hana sabon rubutu a yawancin wurare, amma na sami sabobi biyu da saƙon kullewar bai kai gare su ba, kuma a ɗaya har wani ya riga ya yi tambaya kan inbatarsa da ke ƙara idan firji ya tashi. Na bi shi na nuna masa hanya, na kuma rubuta wa masu kula da sabobin biyu ina roƙon su ɓoye kwafin ko su cire shi. Ɗaya ya yi nan take.

Masu bibiya a sabon zauren yau 188 ne, daga 640. Injiniya ya ji ciwon wannan adadi. Na bi jerin mutum 47 ɗin da na ƙirga a farkon Yuni, na sami 39 daga cikinsu sun iso.

Asabar, 5 ga Yuli

Ranar bin mutane ɗaya-ɗaya da saƙo. An sami izinin bayanai 12. Babu wani abu sabo.

Lahadi, 13 ga Yuli

Batun babban zauren ya warware. Sabar tana da ƙa'idar neman ragamar zauren da masu shi suka yi watsi da shi, wato a nuna an tuntuɓe su, a jira wa'adi, sannan masu sabar su naɗa wani. Wa'adin ya cika, aka naɗa ni. Sai da na buɗe asusu a sabar kanta, domin ƙorafin da mambobi ke kaiwa ba ya isa yadda ya kamata ga mai kula da ke zaune a wata saba.

Kafin in taɓa komai na liƙa tambaya ga mutanen wurin, na bar ta mako guda. Mutum shida suka amsa. Biyar sun ce ba su san akwai wani zaure mai rai ba, za su bi. Na shida shi ne mai liƙa labaran jaridu, kuma bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce shekara biyu yana share wurin shi kaɗai, yanzu baƙi sun zo za su kulle masa ƙofa. Ba zan ce ba shi da haƙƙi ba, domin ba don shi ba da zauren ya daɗe da zama kango. Na yi masa tayin zama ɗaya daga cikin masu kula a sabon zauren, da kuma rubutu ɗaya a mako da zai tattara labaran a ciki, maimakon goma a warwatse. Ya karɓi na biyu, ya ƙi na farko.

Mun kulle zauren amma ba mu goge shi ba, kuma da gangan ne. Idan aka goge, mutum 1,900 ɗin nan babu yadda za a sake isa gare su, kuma babu abin da zai hana wani ya buɗe mai kama da shi gobe. Idan kuwa aka bar shi a kulle da sanarwa a samansa, baƙon da ya faɗo ciki zai ga hanya, mu kuma muna da wurin fakewa idan sabar da muke kai yanzu ta sami matsala. A watan jiya ba mu da irin wannan wuri.

Alhamis, 24 ga Yuli

Mambobi uku sun yi ƙorafin cewa zauren ya yi shiru, alhali ana rubutu kullum. Bincike ya nuna alamar harshe ce. A tsohon zauren yawancinmu ba ma sanya wa rubutu alamar harshe, amma a sabon wurin mutane sun fara zaɓar Hausa idan da Hausa suka rubuta, wanda daidai ne. Sai dai mai karatu daga Lemmy da ya zaɓi Turanci kaɗai a saitunansa, ba ya ganin duk abin da aka yi wa alamar Hausa, kuma babu abin da ke gaya masa an ɓoye masa wani abu. Na yi bayani da hotuna kan yadda ake ƙara Hausa da Faransanci a jerin harsuna, na liƙa a sama, na aika wa Malam kwafi tun da shi ma abin zai iya shafar mutanensa.

Na kuma haɗa abin da PieFed ke bayarwa na tattara zauruka da yawa a shafi ɗaya, na sanya namu da na Yamai a ciki. Mai karatu yana ganin rubuce-rubucen biyu a jere, amma kowanne yana ƙarƙashin dokar gidansa. Haka kuma idan an liƙa adireshin labari ɗaya a zaurukan biyu, PieFed yana nuna tsokacin ɓangarorin a ƙarƙashin rubutu guda. Wannan ya magance mafi yawan abin da masu son haɗewa ke kuka da shi, sai dai ga masu asusun PieFed kawai. Masu Lemmy sai sun bi zaurukan biyu da hannu, har lokacin da irin wannan tsari zai iso musu.

Asabar, 2 ga Agusta

Masu bibiya sun kai 301, kuma mutum 52 ne suka yi rubutu ko tsokaci a cikin Yuli. An ɗora bayanai 19 daga cikin 30 da izinin masu su, mutum biyu sun ce kada a ɗora nasu, sauran tara kuma Injiniya ya ɗauki nauyin sake rubuta su. An tura tambayoyi huɗu zuwa Yamai, su ma sun turo biyu, ɗaya kan yadda ake kare faranti daga ƙurar hunturu ba tare da an goge fuskarsa da yashi ba. Saba ɗaya har yanzu tana riƙe da buɗaɗɗen kwafin tsohon zauren, don haka Hajiya za ta riƙa leƙawa duk Juma'a tana kwaso wanda ya ɓata ya shiga.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau: data naira 14,000, filashi biyu na ajiye kwafin tarihin zaure naira 11,000, ɗaya a wajena ɗaya a Kaduna. Mun kuma amince mu uku za mu riƙa tura wa sabar da ta sauke mu gudummawar dala 5 a wata, kuma biyan farko ya wuce da katin naira, tun da wasu bankuna sun dawo da damar sayayya a waje da shi a watan jiya.

Aikin Agusta shi ne a rubuta takarda guda ta abin da za a yi idan sabar ta tsaya: wa zai buɗe zauren da ke kulle, da wane asusu, da kuma inda za a sanar da mutane. Za a saita shirin Injiniya ya riƙa sauke kwafi a farkon kowane wata. Sannan akwai buƙatar mai kula na huɗu wanda ke jin Faransanci, kuma Malam ya ce zai tambayi mutum biyu a zaurensa ya ba mu amsa kafin 15 ga wata.